Ƙasar Noma a Tsaunukan Filato: Abin da Muke Kwasa da Abin da Muke Mayarwa

 

Mai girma shugaban wannan zama, iyayenmu sarakuna da masu unguwanni, malamaina da abokan aiki, malaman gona, shugabannin ƙungiyoyin manoma maza da mata, 'yan'uwanmu makiyaya da suka amsa gayyata, ɗalibai, da sauran jama'a: ina gaishe ku baki ɗaya, kowa da girmansa. Ina gode wa waɗanda suka shirya wannan taro da suka ga ya dace su ba ni wannan dama, ina kuma gode wa manoman da suka baro aiki suka zo, don na san abin da barin gona na yini guda yake nufi.

An ce in yi magana a kan ƙarfin ƙasar noma a tsaunukan Filato, da inda ta dosa. Duk wanda ya zauna da manoman Bokkos ko Mangu ko Barikin Ladi ya ji wannan kuka: ƙasa ta gaji, taki ba ya ci kamar da, gonar da a baya buhu kaɗan ke isar ta yanzu sai an ƙara, amfanin kuma bai ƙaru ba. Wasu suna ɗora laifin a kan takin jabu, kuma akwai jabun. Wasu suna ɗora shi a kan sauyin damina, wannan ma gaskiya ne. Amma ni abin da na zo in faɗa shi ne: shekara da shekaru muna kwasar abinci daga cikin wannan ƙasa fiye da yadda muke mayar mata, kuma buhun takin zamani ya rufe mana ido ga wannan giɓi. Zan bi maganar ta matakai bakwai.

Na farko: irin ƙasar da muka gada

Tudun Filato yana kan tsayin kimanin mita 1,200 zuwa 1,300 daga saman teku, a duwatsun Shere kuma tsayin ya haura mita 1,800. Ruwan sama a Jos yakan kai kimanin milimita 1,400 a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba. Sanyin da ke tare da wannan tsayi shi ya ba mu dankalin Turawa da kabeji da karas, abubuwan da ƙasashen da ke kewaye da mu ba sa iya yi da damina yadda muke yi.

Sai dai ƙasar ba iri ɗaya ba ce. Inda tsofaffin duwatsu masu aman wuta suka malalo, kamar wajen Kerang da Panyam da Miango, za ka tarar da ƙasa mai zurfi, mai danƙo, mai riƙe ruwa da abinci. Amma mafi yawan tudun ƙasa ce da ta fito daga ruɓewar dutsen giranit, irin manyan duwatsun nan da kuke gani a jere a bakin hanya: rairayi ya yi mata yawa, ba ta riƙe abinci, kuma tun asali tana da tsami. A wasu wurare ma marmara ce a ƙarƙashi, garma ba ta nitsa taƙi guda sai ta ci karo da ita.

Ku haɗa wannan da gangare da ruwa mai ƙarfi. Ruwan da ya sauka a kan gangare ɓarna biyu yake yi. Wanda ya gudu ta sama yana tafiya da ƙasar sama, wadda ita ce mai albarkar. Wanda ya nitse yana wanke naitrojin da kalsiyam da maginiziyam zuwa inda saiwa ba ta kai. Ina ƙasar take zuwa? Daga wannan tudu kogin Kaduna ya taso, daga nan Gongola ya taso, Dilimi kuma yana gangarawa ya shiga Jama'are har ya nufi tafkin Chadi. Duk jan ruwan da kuka gani yana wucewa a watan Agusta, gonar wani ce take tafiya. Kuma santimita ɗaya na ƙasar sama yakan ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin ya samu.

Na biyu: yadda magabata suka riƙe ta

To, in ƙasar mai rauni ce haka, yaya aka yi mutane suka rayu a kanta ƙarni bayan ƙarni? Da aiki suka riƙe ta, aiki mai yawan gaske.

Wani masani Ba'amurke, Robert Netting, ya zauna da mutanen Kofyar a kudancin tudun nan tun daga 1960, ya fitar da littafi a kan nomansu a 1968. Abin da ya tarar ya cancanci kowane ɗalibin aikin gona ya sani. Gonar da ke kewaye da gida ana noma ta kowace shekara, ba hutu, amma ba ta gajiya. Dalili? Da damina ana ɗaure awaki a garke mai katangar dutse, a riƙa yanko musu ciyawa ana kawowa. Abin da suka bari, da kashinsu da fitsarinsu, da tokar murhu da sharar gida, duk suna taruwa su ruɓe, kafin shuka a kwashe a kai gona. A kan gangare kuma sun yi gonaki hawa-hawa, an tokare kowace da katangar duwatsu. Kunyoyinsu ma a ɗaure suke, gida-gida, yadda ruwa zai tsaya ya nitse a inda ya sauka. Dawa da maiwa da wake suna gona ɗaya, acca kuma tana can gonar nesa inda ƙasa ba ta da ƙarfi, don acca ba ta da yawan buƙata.

Ba Kofyar kaɗai ba. Ngas a wajen Pankshin sun yi irin waɗannan katangu. Berom sun kewaye gonakinsu da shingen ƙerana. In kuka je duwatsun Mandara, a Sukur ta ƙaramar hukumar Madagali, gonakin hawa-hawa na daga cikin abin da ya sa hukumar UNESCO ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, na farko a Nijeriya.

Ba ina cewa mu koma zamanin da ba. Wannan noma ya ciyar da gida ne, bai cika tirela ba. Yara kuma a lokacin suna gida suna yankan ciyawa, yau suna makaranta, kuma nan ya kamata su kasance. Amma ku lura da ƙa'idar: kusan duk abin da gona ta bayar, ta wata hanya yana komawa gare ta. Hatsi an ci a gida, kara ya shiga cikin akuya, toka ta fito daga murhu, duk sun koma. Wannan zagaye shi ne ya tsinke.

Na uku: kuza, da darasin da ta bari

Turawa sun fara haƙar kuza gadan-gadan a farkon ƙarni na 20. A 1914 jirgin ƙasa ya iso Jos daga Zariya don kwasar ta. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu har aikin tilas aka yi, aka kwaso dubban mutane daga lardunan Arewa, kuma a 1943 ne haƙar ta kai ƙololuwarta. Bayan faɗuwar farashin kuza a kasuwar duniya a 1985 manyan kamfanoni suka watse. Abin da suka bari mun san shi: tsibin ƙasa, da kududdufai masu zurfi, da fili fiye da murabba'in kilomita 300 da aka birkice. Mafi muni, kuza a kwari take kwanciya, don haka fadamun da suka fi albarka su aka fi tonewa. Ƙasar sama ta koma ƙasa, ta ƙasa ta dawo sama.

Hukuma ta yi ƙoƙarin gyara. An baje wasu tsibin, an dasa itacen turare da yawa, da fatan bayan shekaru ƙasar za ta farfaɗo a mayar wa manoma. Daga baya masana daga Jami'ar Jos da Jami'ar Durham ta Ingila, cikinsu har da Michael Alexander, suka auna ƙasar da ke ƙarƙashin waɗannan itatuwa. Sun tarar ba ta farfaɗo yadda aka zata ba, tsaminta ma ƙaruwa ya yi. Itacen ya ba da makamashi da azara, amma bai gyara ƙasa ba.

Wa ya gyara ta? Masu lambu. Hausawan da suka zo tun zamanin kuza suka fara noman rani a bakin Dilimi da jigo, suna sayar da kayan miya ga ma'aikatan haƙa da mutanen gari. Da injin ban ruwa ya yawaita, 'yan ƙasa da baƙi duk suka shiga, kududdufan da kuza ta bari suka zama madatsun ruwa. Waɗannan manoma suka riƙa sayen sharar gari, su ƙone ta ko su kwaso wadda ta riga ta ƙone a juji, su tankaɗe tokar, su haɗa da kashin kaji da na shanu da ɗan takin zamani. Da aka auna gonakinsu, sai aka ga ƙasar da kuza ta kashe ta dawo tana ba da latas da karas da kabeji. Toka tana kashe tsami, tana kuma ɗauke da fotasiyam da kalsiyam. Kashin dabba yana mayar wa ƙasa jikinta. Takin zamani yana ba shuka abin da take buƙata nan take. Manomin da bai taɓa shiga ɗakin gwaji ba ya gano haɗin da masana suka zo suka tabbatar.

A nan dole in ja kunne. Jujin da ake kwasa shekaru arba'in da suka wuce ganye ne da toka da kashin dabbobi. Na yau cike yake da leda da batir da gwangwani da tarkacen wayoyi. Dalma da sauran guba da ke cikin waɗannan suna iya taruwa a ƙasa su shiga ganyen da muke ci ɗanye. Wanda zai yi amfani da juji ya tsince shi kafin wuta ta taɓa shi, hukumomin tsaftar gari kuma su taimaka da raba shara tun daga kasuwa.

Na huɗu: lissafin shiga da fita

Yanzu mu yi lissafi, kuma ina roƙon ɗalibai su rubuta.

Duk tirelar dankalin da ta tashi daga kasuwar Maikatako, duk motar kabejin da ta bar kasuwar Farin Gada ta nufi Legas ko Fatakwal ko Kano, ba dankali da kabeji kaɗai ta ɗauka ba. Ta ɗauki naitrojin da fosfaras da fotasiyam na gonar da suka fito, kuma ba za su dawo ba. Dankalin Turawa mayen fotasiyam ne. Kowane tan ɗaya yana tafiya da kimanin kilo 5 zuwa 6, a ma'aunin da ake rubutawa a jikin buhun taki. In hekta ta ba ka tan 10, ka fitar da sama da kilo 50.

Me ka mayar? Ɗauki takin kamfa mai lamba 20:10:10, wanda shirin takin shugaban ƙasa da aka ƙulla da Maroko a ƙarshen 2016 ya yaɗa a kan naira 5,500. Lambobin nan kashi ne cikin ɗari. A buhu mai kilo 50 akwai kilo 10 na naitrojin, kilo 5 na fosfaras, kilo 5 na fotasiyam. Ke nan kana buƙatar buhu goma a hekta don kawai ka mayar da fotasiyam ɗin da dankalin ya ɗauka. In 15:15:15 ne, buhu bakwai. Manoma nawa ne a wannan zaure suke iya zuba haka a farashin yau? Abin da aka fi yi shi ne a sa kamfa kaɗan a bi da yuriya, don yuriya tana sa ganye ya yi kore shar cikin kwanaki, ido ya gani, rai ya yi daɗi. Amma yuriya naitrojin ce zalla, kashi 46 cikin ɗari, babu fosfaras, babu fotasiyam. Tana tura shuka ta ƙara zuƙar sauran abincin da ya rage a ƙasa. Manomi a nan kamar ɗan kasuwa ne da ke cin uwar kuɗi yana zaton riba yake ci: shago a buɗe, ciniki na tafiya, sai ranar da zai saro kaya ya ga babu.

Masara ma haka. Yawancin fotasiyam ɗinta a kara yake. In an kwashe hatsi, an kwashe kara don girki ko shinge, ko an cinna wa gona wuta, me ya rage? Wuta tana barin toka, gaskiya ne, amma naitrojin da salfa suna bin hayaƙi, tokar kuma iskar hunturu da ruwan farko su kwashe.

Wannan ba matsalarmu mu kaɗai ba ce. A 1990 wasu masana biyu daga ƙasar Holan, Stoorvogel da Smaling, sun yi wa Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya lissafin ƙasashe 38 na Afirka kudu da Sahara. Sun ƙiyasta cewa kowace hekta tana asarar kimanin kilo 22 na naitrojin, kilo 2.5 na fosfaras, da kilo 15 na fotasiyam a shekara. A 2006 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ɗaga amfani da takin zamani daga kilo 8 a hekta zuwa kilo 50 kafin 2015, ba a kai ba. Da suka sake taruwa a Nairobi a 2024, sai suka ƙara lafiyar ƙasa a kan maganar taki, don an fahimci buhu shi kaɗai bai wadatar ba.

Akwai kuma ƙananan abinci da ba a rubuta su a jikin buhu. Dattawa a nan sun tuna takin sufa, wanda wata masana'anta a Kaduna ta riƙa yi. Ban da fosfaras, sufa yana ɗauke da salfa da kalsiyam. Da aka koma kamfa da yuriya zalla, sai aka daina ba ƙasa waɗannan ba tare da an lura ba. Shuka kuma abin da ya fi ƙaranci shi ke tsayar da girmanta. In zinki ko salfa ne ya ƙare, ko ka juye mata buhu goma na yuriya ba za ta motsa ba.

Na biyar: tsamin ƙasa

Wannan shi ne abin da ya fi damuna, domin ba a ganin sa da ido, kuma shi ke sa manomi ya rantse an sayar masa da jabu alhali takinsa mai kyau ne.

Ana auna tsami da ma'aunin da ake kira pH. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki, duk abin da ya yi ƙasa da haka tsami ne. Kuma kowane mataki ɗaya ninki goma ne: ƙasa mai lamba 5 ta ninka mai lamba 6 tsami sau goma. In lambar ta sauka ƙasa da 5.5, abu biyu ke faruwa. Sinadarin alminiyam da ke kwance cikin ƙasa yana narkewa ya ƙone bakin saiwa, sai saiwar ta gajarce ta yi kauri, ta kasa neman ruwa da abinci. Da an yi fari na mako guda sai ka ga masara ta lanƙwashe. Sannan fosfaras ɗin da ka saya da kuɗinka, ƙarfe da alminiyam na cikin jar ƙasa su kama shi su riƙe, shuka na kusa da shi amma ba ta iya ci. In kun ga ƙaramar masara ganyenta ya yi shuɗi-shuɗi mai ja, ta ƙi tashi, sau da yawa yunwar fosfaras ce.

Na ce ƙasarmu tun asali mai tsami ce, ruwa kuma yana ƙara mata. To yuriya ma tana ƙarawa. A lissafin masana, tsamin da buhu ɗaya na yuriya ke iya bari yana buƙatar kimanin kilo 40 na farar ƙasa kafin ya mutu. Ku tambayi kanku: buhu nawa na yuriya gonarku ta sha a shekaru ashirin da suka wuce, kuma kilo nawa na farar ƙasa ko toka ta samu?

Maganin sananne ne: farar ƙasa ta noma, wato niƙaƙƙen dutsen nan da ake yin siminti da shi. Ba a nesa yake ba, ga shi a Ashaka a jihar Gombe, ga shi a jihar Binuwai. Amma ku zaga shagunan kayan gona ku nema, za ku sha wuya kafin ku samu, domin yawancin shirye-shiryen tallafi a kan kamfa da yuriya suka tsaya.

Sai dai kada wani ya fita daga nan ya je ya yi ta zubawa. Dankalin Turawa yana jure ɗan tsami, in farar ƙasa ta yi yawa ma takan jawo masa ƙuraje a bawo, ya faɗi a kasuwa. Kabeji kuwa tsami yana buɗe masa ƙofar cutar kumburin saiwa. Masara da wake suna son ƙasa ta haura 5.5. Kowace gona da nata, shi ya sa awo ya zama dole.

Na shida: zumuncin da ya yanke

Akwai maganar da ba ta kimiyya ba, amma in na tsallake ta ban yi wa ƙasa adalci ba. A da, bayan girbi, manomi yakan gayyaci Bafulatani ya sauka da shanunsa a gonarsa. Shanu su ci kara da harawa, su kwana a nan, su bar taki. Wani har hatsi yake bayarwa don a sauka a tasa. Kowa ya amfana, gona ma ta amfana. Tun daga rikicin Jos na Satumba 2001 da waɗanda suka biyo baya, wannan hulɗa ta mutu a wurare da yawa. An yi asarar rayuka ta kowane ɓangare, kuma ba ni da bakin da zan rage zafin wannan ga wanda ya rasa nasa. Abin da nake nunawa kawai shi ne ƙasa ma tana cikin waɗanda suka yi asara. Yau wani manomi yana ƙone karansa don kada shanu su shigo, kashin shanu kuma yana bushewa a inda ba a shuka komai.

Ƙauyen da aka tashi, katangun gonakinsa suna rushewa, damina biyu ko uku ta share aikin kakanni. Wanda kuma yake noma gonar haya ta shekara ɗaya, me zai sa ya kai mata takin da amfaninsa sai baɗi da baɗin baɗaɗa? Ƙidayar 2006 ta ba jihar Filato mutum sama da miliyan 3, gonaki suna ta rarrabuwa wajen gado, saura ta zama tarihi, gonar da aka girbe da kaka ana kafa mata inji da rani. Ga kuma masu haƙar kuza na hannu da suka dawo, suna tona ramuka a tsakiyar gonaki.

Na bakwai: abin da nake roƙo

Ga manoma, ku fara da awo. Ba abu ne mai wuya ba. Ka zaga gonarka ka ɗebi ƙasa a wurare goma sha biyar zuwa ashirin, zurfin santimita 20, ka gauraya a bokiti mai tsabta, ka ɗebi rabin kilo ka shanya a inuwa. Ta saman gangare daban, ta gindi daban. In kuɗin ya yi wa mutum ɗaya yawa, ƙungiya ta haɗa. Muna da Jami'ar Jos, muna da kwalejin tarayya ta albarkatun ƙasa a Kuru, muna da cibiyar binciken dankali a nan Kuru ɗin, muna da malaman shirin bunƙasa aikin gona na jiha. Ku matsa musu, don ku aka kafa su.

Kada ku bar takin zamani, amma kada ku bar shi shi kaɗai. Ku haɗa shi da kashin kaji ko na awaki ko na shanu da ya ruɓe sosai, da tokar murhu mai tsabta. Yuriya a raba ta kashi biyu ko uku, a binne ta, don wadda aka watsa a sama rabonta iska da ruwa. Kunya ta bi gangare a gicciye. In gonar dankali ce da kuke tsoron ruwa ya kwanta, a ɗan karkata ta yadda zai fita a hankali, kada a miƙe ta daga sama har ƙasa. Inda akwai duwatsu a jera su, inda babu a dasa jema ko gamba a layi. A riƙa sauya dankali da waken soya ko wake ko acca, wannan yana hutar da ƙasa, yana kuma rage cututtukan da ke kwana a cikinta. Ƙuduji in ya yawaita a gonar dawa ko masara, saƙo ne cewa naitrojin ya yi ƙasa.

Ga gwamnati, roƙona uku ne. A sa farar ƙasa cikin kayan da ake tallafawa. A sa masu haɗa taki su yi wa dankali da kayan lambu haɗin da ya dace da su, mai wadatar fotasiyam da salfa da zinki, a daina ba mai dankali a Bokkos abin da aka haɗa don mai masara a wata jiha. Sannan a ware gonaki a kowace ƙaramar hukuma da za a riƙa aunawa duk bayan shekaru uku ko huɗu, a ajiye sakamakon inda kowa zai gani, don mu san ko gaba muke yi ko baya.

Ga iyayenmu sarakuna, a hannunku maganar haya da aro take. Ku taimaka a riƙa ba da gona na shekaru da dama a rubuce, yadda wanda ya gyara zai ci moriyar gyaransa. Inda kuma zaman lafiya ya fara dawowa, ku sa maganar kara da taki cikin abin da ake tattaunawa tsakanin manomi da makiyayi, da sharuɗɗa bayyanannu da shaidu: yaushe shanu za su shiga, yaushe za su fita, wa zai biya in an yi ɓarna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga ɗalibai, in kun je gona da kayan awo, ku fara tambayar mai gonar abin da ya gani kafin ku faɗa masa abin da kuka karanta. Shi ya san inda ruwa ke kwanciya, ya san ɓangaren da ya fara gajiya da shekarar da ya fara.

Mai girma shugaba, a nan zan dakata.  Ina roƙon a fara ba manoma da makiyaya damar yin tambaya kafin malamai, musamman iyayenmu mata da ke can baya. Wanda yake da tambaya ko gyara, bismillah, ya ɗaga hannu.